Aure Ya Ɗauru, Saura Takarda

Iyayenmu da 'yan'uwanmu na Dosara da ƙauyukan da ke kewaye da ita, na Maradun da Bakura da Talata Mafara, da waɗanda muryarmu ke kai wa a tsallaken iyaka, barkanmu da warhaka. Allah Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa.

Maganar yau ta cikin gida ce, amma ƙarshenta ofishin hukuma. Mutumin da ba ɗan Najeriya ba, in ya auri 'yarmu, ko macen da ba 'yar ƙasa ba, in ɗanmu ya auro ta, shin auren nan ya ba su izinin zama da yin aiki a ƙasar nan?

Na san wani zai ce ai wannan zancen mutanen Legas da Abuja ne, masu auren Turawa da Kwarori. To, ɗan'uwa, duba unguwarku. Mata nawa aka ɗauko daga Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji da Ƙonni da Madawa? Maza nawa suka zo cin rani lokacin yankan shinkafa a gonakin Bakolori, ko suka zo dako da ga-ruwa da shayi da tireda, aka ga hankalinsu da riƙon amanarsu aka ba su aure, suka zauna? Ba ma kiran su baƙi. Surukanmu ne, iyayen jikokinmu ne. Bagobirin Tibiri da Bagobirin Sabon Birni da Isa jini ɗaya ne, kuma an daɗe ana auratayya kafin Ingilishi da Faransawa su zo su ja layin iyaka a farkon ƙarni na 20. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai jami'in da ya tsayar da mota a shingen bincike ba tarihin Gobir zai tambaya ba.

Ga amsar a fili: aure shi kaɗai ba ya mayar da kowa ɗan ƙasa, kuma ba ya zama izinin aiki. Abin da yake ba ka shi ne hujja mai ƙarfi ta neman takardar. In ba ka nema ba, a wurin hukuma kana nan a matsayin da ka shigo, ko da kun aurar da 'ya'ya.

Dokar Shige da Fice ta shekarar 2015 ta ce wanda ba ɗan ƙasa ba, ba zai karɓi aikin albashi ba sai da amincewar shugaban Hukumar Shige da Fice a rubuce, kuma ba zai kafa kamfani ko ya yi sana'ar ƙwararru ba sai da amincewar ministan harkokin cikin gida. Wanda ya ɗauke shi aiki ba tare da wannan ba, shi ma yana da laifi. Saboda haka mai makaranta mai zaman kanta, da mai asibitin kuɗi, da mai injin casar shinkafa, maganar ta shafe ku kamar yadda ta shafi surukin naku.

Hanyar da aka fi sani ita ce ta kamfani. Kamfani ya nemi gurbin ma'aikatan waje a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ma'aikacin ya karɓi biza a ofishin jakadancin Najeriya da ke ƙasarsu, in ya iso a ba shi katin zama da ake kira CERPAC. Dattawanmu sun ga irin waɗannan ma'aikata, Turawan Italiya na kamfanin Impresit da suka gina madatsar ruwan Bakolori a shekarun 1970. Wannan hanya tana da tsada ƙwarai, kuma izinin a ɗaure yake da aikin: ranar da aiki ya ƙare, izini ya bi shi. Ba zan daɗe a kanta ba, don ba ita ce ta mutanenmu ba.

Abin da ya daɗe yana rufa wa surukanmu na Nijar asiri shi ne yarjejeniyar ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na can ke kira CEDEAO. A shekarar 1979 ƙasashen ƙungiyar suka amince ɗan kowace ƙasa ya shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90. A 1986 aka ƙara da 'yancin zama don neman aiki da yin sa, a 1990 kuma aka ƙara da 'yancin kafa sana'a. Amma ku lura, ko a ƙarƙashin wannan yarjejeniya, wanda zai wuce kwana 90 wajibi ne ya je ya yi rajista a ba shi katin zama na ECOWAS. Mutane da yawa sun riƙe rabin maganar, wato shiga ba biza, sun yar da rabin da ya ce a yi rajista.

To yanzu ƙasa ta motsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, kun ga yadda aka rufe iyaka, Illela da Jibiya suka yi tsit, har sai watan Maris na 2024 aka buɗe. A ranar 28 ga Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ECOWAS, ficewar kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A wannan rana hukumar ECOWAS ta nemi sauran ƙasashe su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarin ƙungiyar daga 'yan ƙasashen uku, su kuma bar su da 'yancin shiga da zama da sana'a, har zuwa lokacin da za a sanar da wani mataki. Ku riƙe wannan jimla ta ƙarshe. Abin da a da yake haƙƙi ne a rubuce cikin yarjejeniya, yanzu alfarma ce ta wucin gadi. Muna fata ta ɗore, amma mai iyali ba ya jingina zaman gidansa da fata.

Masu shekaru za su tuna Janairun 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, lokacin da aka ba baƙin da ba su da takardu wa'adin mako biyu su bar ƙasar. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita. An fi tuna 'yan Gana, amma akwai 'yan Nijar da Chadi masu yawa a cikinsu. A lokacin Nijar tana cikin ECOWAS daram, kuma hakan bai hana ba. An sake yin irinsa a 1985. Ba na faɗa ne don in tsorata kowa ba, kuma babu wanda ya ce za a maimaita. Na faɗa ne don a san cewa ranar da siyasa ta juya, takarda ake dubawa.

Shi ya sa hanyar aure ta fi muhimmanci yau fiye da kowane lokaci, domin ita ba ta rataya ga ECOWAS ba. Tana cikin kundin tsarin mulkin 1999, kuma Ƙa'idojin Shige da Fice na 2017 sun tanadi izinin zama ga baƙon da ke da aure da ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa. Mai wannan izini, zamansa bai ɗauru da wani kamfani ba, da aurensa ya ɗauru.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna tare, muna magana kan baƙon da ya yi aure a cikinmu. Yanzu mun zo inda doka ta raba mace da namiji.

Mu fara da mace. Sashe na 26 na kundin tsarin mulki ya ce macen da ke auren ɗan Najeriya, ko wadda ta taɓa auren sa, tana iya neman a yi mata rajistar zama 'yar ƙasa. Sharaɗin shi ne a tabbatar da kyawun halinta, ta nuna niyyar zama a Najeriya, ta yi rantsuwar biyayya ga ƙasa. Babu adadin shekarun da kundin ya ce sai ta cika. Iyayenmu mata, ku ji wannan da kyau: har wadda ta taɓa aure. Ma'ana, matar da mijinta ya rasu ba ta rasa wannan dama ba. A yankin da rashin tsaro ya bar mana zawarawa da marayu kamar namu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Baiwar Allah da aka auro daga Madarumfa tana yarinya, ta haifi 'ya'ya a Maradun, aka kashe maigidanta a gona, tana da hurumin zama 'yar ƙasa a hukumance. Dangin mamacin, taimaka mata ta samu wannan takarda yana cikin riƙon marayun da ya bari.

Kuma kada ta ji tsoron za a raba ta da ƙasar haihuwarta. Sashe na 28 ya bar wanda aka yi wa rajista ya riƙe ƙasar da ya samu ta hanyar haihuwa, ita ma Nijar tun 2014 ta halatta riƙe ƙasa biyu. Wadda kuma ba ta son canza komai, izinin zama kawai take so, wannan ma akwai shi.

Namiji fa? Nan ne raina ke ɓaci. Sashe na 26 bai ambaci miji ba sam. Baƙon da ya auri 'yar Najeriya, abin da zai iya samu shi ne matsayin baƙo na musamman, wanda sashe na 32 ya ba shugaban ƙasa ikon tsarawa, kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ke bayarwa. Matsayi ne mai amfani, yana ba da cikakken izinin zama, ina kuma ba kowane suruki shawarar ya nema. Amma in zama ɗan ƙasa yake so, sai ya bi sashe na 27 kamar wanda bai da kowa a nan: ya shekara 15 a ƙasar, gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu cewa al'umma ta karɓe shi, sannan ya jira. Wannan layi kuwa ba ya sauri. A watan Satumban 2022, da Shugaba Muhammadu Buhari ya miƙa takardun zama 'yan ƙasa, mutum 286 ne suka samu a duk faɗin Najeriya.

An yi ƙoƙarin gyarawa. Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'a kan ƙudurin da zai ba mijin 'yar Najeriya damar rajista kamar yadda matar ɗan Najeriya take da ita, aka kayar da shi. Mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisa, Majalisar Wakilai ta ce za ta sake dubawa, amma wa'adin majalisar ya ƙare gyaran bai zama doka ba.

Masu adawa da gyaran suna cewa a al'adarmu mace ke bin miji garinsu, kuma in aka buɗe wannan hanya za a riƙa auren ƙarya don samun fasfo. Ban raina hujjarsu ba, amma ban gamsu ba. Auren ƙarya, bincike ke maganinsa, kuma ana yin binciken a kan mata baƙi, me zai hana a yi a kan maza? Batun bin miji kuwa, a zo ƙauyukanmu a gani. Ga mutum ya shekara ashirin a garin matarsa, nan yake noma, nan yake jam'i, nan aka binne 'ya'yansa da suka rasu. 'Ya'yansa masu rai 'yan Najeriya ne na haihuwa, domin sashe na 25 ya ce in ɗaya daga cikin iyaye ɗan ƙasa ne, uwa ce ko uba, ɗan ya zama ɗan ƙasa. To gida guda, uwa 'yar ƙasa, 'ya'ya 'yan ƙasa, uban da ke ciyar da su shi kaɗai ne baƙo. Wadda wannan ya fi cutarwa ita ce 'yarmu. Nijar, a gyaran nan na 2014, ta ba matanta damar ba mazajensu baƙi ƙasa. Masu wakiltarmu daga Zamfara ta Yamma da mazaɓun Bakura da Maradun da Talata Mafara, in maganar ta sake zuwa gabanku, ku tuna akwai irin waɗannan gidaje a mazaɓunku.

Mu dawo kan abin da ke hannunmu. Tushen komai takardar shaidar aure ce, kuma nan yawancinmu ke da giɓi. Aurenmu a ƙofar gida ko a masallaci ake ɗaurawa: waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, a ambaci sadaki, shaidu su ji, a shafa fatiha, a raba goro. Aure ya inganta a addini, dokar Najeriya ma ta yarda da shi. Amma jami'in da ke Gusau ko Abuja bai halarci ɗaurin auren ba. Saboda haka a je kotun Shari'a ko sakatariyar ƙaramar hukuma a samo shaida a rubuce tun liman da shaidun suna raye. Tun ran gini, ran zane. Iyaye, in za ku ba baƙo 'yarku, ku sa wannan cikin sharuɗɗa kamar yadda kuke sa lefe da muhalli.

Akwai wani gargaɗi a nan da nake so maza su ji. Wani zai ce muku ku je ku yi auren rajista kawai, irin na Dokar Aure, wai shi ne hukuma ta fi ganewa. Ku sani cewa wannan aure na mace ɗaya ne. Wanda ya sa hannu a kansa alhali yana da wata matar, ko ya ƙara aure bayansa, dokar ta tanadar masa ɗauri har na shekara biyar, kuma yana iya taɓa maganar gado. Kada Musulmi ya sa hannu sai ya zauna da lauya da malami. Ku fara tambayar ofishin Shige da Fice irin shaidar auren da za ku kawo, kafin ku kashe ko kwabo.

Bayan takardar aure, sai fasfo na ƙasar haihuwa wanda bai mutu ba. 'Yan Nijar suna da ƙaramin ofishin jakadanci a Kano da babba a Abuja. Sai shaidar cewa abokin zaman ɗan Najeriya ne, da wasiƙarsa ta neman izinin da ɗaukar nauyi, da hotuna, da takardun haihuwar yara daga Hukumar Ƙidaya. Ku duba rubutun suna sosai. Takardar Nijar za ta rubuta Aboubacar ko Mahamadou da rubutun Faransanci, ta nan ta rubuta Abubakar ko Muhammadu, ranar haihuwa ma kowace da tata. A wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum biyu ne. Yadda fasfo ya rubuta, haka za a rubuta a takardar aure da ta yara, harafi da harafi.

Yanzu bari in taɓo abin da kowa ya sani amma ba a son faɗa. Da yawa sun bi gajeriyar hanya: a je wurin mai unguwa, a samo takardar indijin, a yi lambar NIN a matsayin ɗan ƙasa, a haɗa da katin zaɓe. Ana yi ne da sunan taimako, na sani. Amma laifi ne ga wanda ya karɓa da wanda ya sa hannu, kuma gabanin zaɓen 2023 Hukumar Shige da Fice ta sanar da ƙwace dubban katunan zaɓe da na shaida daga hannun baƙi. Babbar asarar ita ce mutum yana da hujja ta gaskiya, wato aurensa, sai ya binne ta da ta ƙarya. Ranar da ya zo neman matsayinsa na halal, bayanansa da ke cikin na'ura su za su ƙaryata shi. Kuma babu buƙatar ƙaryar, domin baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana da damar yin NIN a matsayinsa na baƙo, ya yi rajistar layin waya, ya buɗe asusun banki. Zaɓe ne kawai ba nasa ba. Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah Ya ja zamaninku, wasiƙar da za ta amfani surukin nan ita ce wadda ta faɗi gaskiya: ɗan ƙasa kaza ne, ya auri 'yar gidan wane, ya shekara kaza a cikinmu, ba mu san shi da wani mugun hali ba.

To an samu izinin zama, sai aiki. Ranar karɓar katin, ku tambayi jami'in ƙarara ko ya haɗa da aikin albashi, ku nemi a nuna muku inda aka rubuta, don shi ne abin da mai ɗaukar aiki zai gani. Sannan izinin zama daban, lasisin sana'a daban. Matar da ta karanci aikin jinya ko ungozoma a Maraɗi ko Damagaram ba za ta kama aiki a asibitin Talata Mafara ba sai Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta yi mata rajista. Likita da injiniya da malamin makaranta, kowa da hukumar da ke tantance shi, takardun karatun waje kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ke auna su. Wanda ke sha'awar koyar da Faransanci ko Larabci a wata makaranta, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ya fara da wannan. Aikin gwamnati na dindindin kuwa, ko yarjejeniyar ECOWAS ta 1986 ta cire shi daga cikin abin da ta ba baƙo, sai in dokar ƙasar ta yarda.

Manomi da mai tireda za su ce mu wa zai tambaye mu? Gaskiya ne, sau da yawa ba mai tambaya. Amma masu haƙar zinari su tuna Afrilun 2019, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, ta ba baƙin da ke wuraren haƙar sa'o'i 48 su tashi. An ɗage haramcin a Disamban 2024, amma idon jami'an tsaro bai sauka daga kan baƙi ba. A jihar da ake fama da 'yan bindiga, mutumin kirki da ba ya iya nuna ko shi wane ne yana iya kwana a inda bai dace da shi ba.

Maganar nan tana da ɗaya gefen. Tun daga 2019 dubban mutanenmu na Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira, aka karɓe su hannu biyu, wasu 'ya'yanmu sun yi aure a can. A Janairun 2025 hukumomin Yamai suka fitar da sabuwar doka da ta tsananta sharuɗɗan shiga da zaman baƙi. Wanda ke da 'ya ko ƙanwa a can, ya kira ya tambaya ko aurenta yana da takarda daga ofishin magajin gari, ko yaranta suna da takardar haihuwa.

A nan gida kuwa, ofishin da za ku fara zuwa shi ne hedikwatar Hukumar Shige da Fice ta jiha a Gusau. Ku je ku biyu, miji da mata, da safe, a ranar da hanya ta yi kyau. Ku shiga ciki ku yi magana da jami'i mai kaki da suna a ƙirji, ku ƙyale masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa sun san oga. Neman matsayin baƙo na musamman da na zama ɗan ƙasa yanzu ta intanet ake cikewa a shafin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, don haka ku tafi da ɗa ko ƙane mai ilimin kwamfuta wanda kuka yarda da shi. Kuɗin gwamnati a asusun gwamnati ake biya ta banki, a ba ku rasit. Kada ku bar wa kowa fasfo ko takardar aure ta asali ba tare da shaidar karɓa ba, ku kuma ajiye kwafin kowace takarda a gidan wani ɗan'uwa da ke wani gari, saboda mun ga yadda gidaje ke ƙonewa da duk abin da ke cikinsu. In kati ya kusa ƙarewa a sabunta tun da sauran kwana. In kuma aure ya mutu, ko matar ta rasu, mijin da ke riƙe da matsayin baƙo na musamman ya koma ofishin da takardun haihuwar 'ya'yansa ya bayyana halin da ake ciki, kada ya jira sai an gano.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.